Me ya sa babu Kuseri a jerin 22 ga Afrilu?

Kusan kowace safiya yanzu, kafin a gama karyawa, wani zai turo jerin nan a WhatsApp, ko mai gabatar da shiri a rediyo ya karanto shi: a rana mai kamar ta yau an yi kaza, an haifi wane, wane ya kwanta dama. Mutane na son sa, ni ma ina saurara. Gajere ne, ba ya gundura, kuma yana ba mutum abin faɗa idan ya je majalisa.

A duba na ranar 22 ga Afrilu. Za a ce a 1870 aka haifi Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha. A 1904 aka haifi Oppenheimer, wanda ya shugabanci aikin ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Amurka. A 1982 aka haifi Kaka, ɗan ƙwallon Brazil. A 1987 kuwa aka haifi David Luiz a Brazil da Mikel Obi a Jos, rana ɗaya shekara ɗaya, sai ga shi sun haɗu a Chelsea har sun ɗauki kofin zakarun Turai tare a 2012. A ɓangaren tarihi za a ce a 1500 jiragen ruwan Fotugal suka hango gaɓar Brazil, a 1915 Jamusawa suka saki iska mai guba a fagen yaƙi a Beljiyam, a 1970 aka fara ware ranar domin kare muhalli, a 2016 ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi a birnin New York.

Babu ƙarya a ciki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a Kuseri nake zaune, garin da ke arewacin Kamaru a tsallaken kogi daga Njamena, amma da wuya in ji jerin nan ya ambaci abin da ya faru a bakin ruwanmu ranar Lahadi, 22 ga Afrilu 1900, cikin watan Zulhajji na 1317, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah. A ranar aka kashe Rabe ɗan Fadlallah. A ranar kwamandan Faransawa, Lamy, ya mutu. Kuma daga ranar aka fara shata rayuwar da muke ciki yau, mu da ke wannan gaɓa da ’yan’uwanmu da ke tsallake.

Rabe mutumin Sudan ne, daga yankin Khartum. Ya yi aiki a rundunar Zubairu Rahma, babban mai fataucin bayi da hauren giwa a Bahar Gazal. Da gwamnatin Masar ta murƙushe Sulaiman ɗan Zubairu a 1879, Rabe ya ƙi miƙa wuya, ya kwashi mutanensa da bindigoginsu ya yi yamma. Ya yi shekara da shekaru yana yaƙi yana tara bayi da makamai. Ya karya Bagirmi. A 1893 ya ci Barno da yaƙi, ya ƙone Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa, inda ganuwarsa ke nan har gobe. Daular da ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye, ya durƙusar da ita cikin ’yan watanni. Rundunarsa a tsare take, kowane kwamanda da tutarsa da mayaƙansa, kuma a lokacin babu sarkin da ke kewayen Tafkin Chadi da zai iya ja da shi. Har Kano da Damagaram an kwana da shirin ko-ta-kwana saboda shi, fatake kuma sun ji a jikinsu, don hanyar Barno ta toshe.

Faransa ta turo masa runduna uku daga kusurwa uku. Ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Lamy. Ɗaya ta hauro daga Kwango ta bin kogin Shari ƙarƙashin Gentil. Ta ukun ta fito daga yamma, ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda Hausawa suka fi kowa sanin ɗacinta: ita ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ita ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni a 1899, ragowarta kuma suka kama Damagaram kafin su ƙaraso nan. A Kuseri suka haɗu a watan Afrilun 1900, tare da mayaƙan Gawrang, Sarkin Bagirmi, wanda Rabe ya kora daga ƙasarsa. Da safe suka auka wa sansanin Rabe da ke bayan gari a gaɓar kogi. Kafin rana ta yi nisa an gama. Aka sare kan Rabe aka ɗauke shi hoto, hoton da har yanzu ke yawo. Lamy ma raunin da ya samu bai bar shi ya kwana ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Turawan da ke wurin ’yan ƙalilan ne. Mafi yawan waɗanda suka harba bindiga ta kowane ɓangare, da mafi yawan waɗanda suka faɗi, ’yan Afirka ne: sojojin da aka kwaso daga Senegal da Mali da Aljeriya, mutanen Bagirmi, Larabawa, Barebari, da bayin da aka kama suna yara aka ɗora musu bindiga. An rubuta sunan Lamy a kan birni. Sauran babu wanda ya rubuta sunansu ko a kan allo.

Abin da ya biyo baya shi ne muhallin da muke numfashi a ciki. Tun 1894 Faransa da Jamus suka raba wannan yanki a takarda, Kuseri ta faɗa rabon Jamus. Shi ya sa Gentil ya tsallaka ruwa, ranar 29 ga Mayu 1900 ya kafa sansani a ɗaya gaɓar, ya sa masa suna Fort-Lamy. Sansanin nan ne ya zama babban birnin Chadi, wanda shugaban ƙasar, Tombalbaye, ya mayar Njamena a 1973. Ita kuma Kuseri, bayan an kori Jamus a yaƙin duniya na ɗaya, Faransawa suka kira ta Fort-Foureau har zuwa lokacin ’yancin kai. Kogin da Kotoko ke kamun kifi a gaɓarsa biyu ya zama iyakar ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi a gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Njamena, da sassafe, da buhun albasa a bayan babur, yana lalube aljihu yana neman katinsa, to abin da aka ƙulla a 1900 ne yake biya. Haka dubban mutanen Njamena da suka gudo mana a yaƙin basasar Chadi na 1980, suka sake gudowa a Fabrairun 2008. Haka kakanninmu Hausawa da suka bi hanyar Makka a ƙasa, ta Fort-Lamy da Abeshe zuwa Sudan, wasu guzuri ya ƙare musu a nan suka yi aure suka zauna, mu ne jikokinsu.

To ranar da ta haifar da wannan duka, a ce ba ta samu ko layi ɗaya ba a jerin da ake karanta wa mutanen garin da abin ya faru a cikinsa?

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a mayar da Rabe gwarzo a yi masa waƙa ba. Akwai masu yin haka, suna cewa ai ya yaƙi Nasara. Ya yaƙe su, gaskiya ne, amma kafin ya yaƙe su garuruwan Musulmi da na waɗanda ba Musulmi ba ya ƙone, ’ya’yan mutane ya sayar. Ko Hayatu ɗan Sa’idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zauna a Balda kusa da Marwa, ya ƙulla ƙawance da Rabe har ya auri ’yarsa, a hannun mutanen Rabe ya mutu a 1898. Wanda aka kwashe kakarsa daga ƙauyen Bagirmi ko na Kotoko ba zai ji sunan Rabe ya yi tafi ba, kuma yana da gaskiyarsa. Haka nan ba zan yarda da labarin da tsofaffin littattafan makaranta suka bar mana ba, wai Lamy ya zo ceto. Rundunar da ɓangarenta guda ya bar gawawwaki a rijiyoyin ƙasar Hausa ba ceto ya kawo ta ba. Ranar 22 ga Afrilu rana ce da mai ƙarfi ya kayar da mai ƙarfi a kan talakawa, mulki guda ya tafi wani ya zo ya yi shekara sittin. Wannan ma ya isa a tuna da ita, a kuma faɗe ta yadda take.

Su kuwa ’yan ƙwallo, ba ni da rigima da su. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kuseri ke sa kwalta ta yi laushi, na zauna a rumfar wani mai shayi kusa da kasuwa, ’yan kalando, wato ’yan acaɓa, sun jingine babura suna gardama a kan wa ya fi tsakanin Mikel da Kaka. Wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya lissafo ƙungiyoyin da Kaka ya buga wa, da shekarar da ya zama gwarzon duniya, 2007, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce masa, “Samari, ka san wani abu da ya faru a garin nan a rana irin wadda aka haife shi?” Ya ce, “Wallahi Baba ban sani ba, faɗa mini.” Da na soma ba su labari, babu wanda ya tashi, har wani ya bar fasinja ya wuce. Ɗaya ya ce shi ya ɗauka Rabe sunan unguwa ne ko na wani attajiri. Yaran nan ƙwaƙwalwarsu garau take, kuma suna da ƙishin sani. Abin da aka zuba musu shi suka riƙe.

Damuwata da jerin iri biyu ce. Ta farko, yana daidaita abubuwan da ba daidai suke ba. Kowa layi ɗaya, murya ɗaya, kiɗa ɗaya a bayan mai karantawa. Misalin da ya fi taɓa ni na ƙasarmu ne. Ranar 21 ga Agusta 1986 aka haifi Usain Bolt a Jamaika. A daren wannan ranar, a wannan shekarar, tafkin Nyos da ke Arewa maso Yammacin Kamaru ya fitar da iskar da ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawansu suna barci, cikinsu har da Fulani makiyaya. Idan ranar ta zagayo, hoton Bolt ne ke cika wayoyinmu. Ba laifinsa ba ne, ya yi gudunsa ya ci lambobinsa. Amma ɗan Kamaru da ya taya Bolt murna bai yi wa mutanen Nyos addu’a ba, akwai abin da ya kuɓuce masa. Ko iskar gubar 1915 da na ambata, a kan sojojin Faransa ta fara sauka, cikinsu har da ’yan Aljeriya da aka kwaso daga gida, amma layi ɗaya ba ya ɗaukar wannan bayani.

Ta biyu ta fi zurfi. Jerin nan kwafo shi ake yi daga abin da wasu suka rubuta a intanet da Faransanci ko Ingilishi, a juya shi zuwa Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi a karanta. Kuma sharaɗin shiga cikinsa guda ne: sai abu yana da rana da wata da shekara a rubuce. Mu kuwa ba haka muka gāji lissafi ba. Tsofaffinmu da aukuwa suke ƙirga: shekarar fara, shekarar yunwar Kakalaba, shekarar da ruwa ya ci gari, damina biyu bayan rasuwar sarki wane. Lissafi ne mai ma’ana, don yana ɗaure haihuwar mutum da abin da jama’arsa suka gani. Amma ba ya shiga kalanda, don haka ba ya shiga jerin.

Katin shaidar mahaifina yana hannuna, a cikin ledar da shi da kansa ya naɗe shi, gefensa ya cinye saboda zufa. A gurbin ranar haihuwa babu rana babu wata, an dai rubuta cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Ma’aikaci ne ya dube shi ya kintata. Shi kuwa abin da ya sani, mahaifiyarsa ta ce ana girbin dawa aka haife shi, ranar Alhamis. Duk wanda ya girma a arewacin Kamaru ko Chadi ya san irin katin nan, ya kuma san dalilin da ya sa mutane da yawa a takarda ranar 1 ga Janairu aka haife su. Da a ce abin ya tsaya ga tsofaffi, da da sauƙi. Har yau a jihar Arewa Mai Nisa akwai yara da yawa da ke kaiwa ajin ƙarshe na firamare, sai lokacin jarrabawa ya zo a ce babu takardar haihuwa, uba ya shiga zaryar kotu neman hukuncin da zai maye gurbinta, idan ba shi da hali yaro ya koma gida. Yaron da ya san ranar haihuwar Mikel bai san tasa ba. A wurina matsala ɗaya ce da ta Kuseri da 1900: abin da ba mu rubuta ranarsa ba, ko mutum ne ko gari, ba a lissafa shi.

Na san abin da wasu malamai za su ce, cewa bikin ranar haihuwa ba al’adarmu ba ce. Ban kira kowa ya yanka kek ko ya kunna kyandir ba. Sanin rana daban, biki daban. Sayyidina Umar ne ya kafa lissafin Hijira domin a san lokacin da aka rubuta takarda da lokacin da bashi zai cika. Malaman zaure na dā sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi, da ranar wata da shekarar Hijira. Barno ta adana jerin sarakunanta na ɗaruruwan shekaru. Rubuta rana ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sakaci ne ya shigo daga baya.

Wasu kuma za su ce tono zancen Rabe tono tsohon miki ne, a gari irin namu da Kotoko da Larabawa Shuwa da Musgum da Barebari da Hausawa ke zaune kafaɗa da kafaɗa, ga shi ba a daɗe da ganin tashin hankalin Disambar 2021 ba, lokacin da rikicin ruwa da kiwo ya iso har cikin gari, aka ƙone dukiya, dubban mutane suka tsallaka Chadi. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma shiru bai hana kowane gida ba ’ya’yansa nasa labarin a tsakar gida ba, kuma labarin tsakar gida kullum mu ne aka zalunta, su ne azzalumai. Gara a faɗe shi a fili, a gaban kowa, inda wanda kakansa ya riƙe tutar Rabe da wanda kakarsa ta sha igiya za su ji cewa bayan wannan ranar dukansu haraji ɗaya suka biya, aikin tilas ɗaya suka yi.

Ba ma wannan ranar kaɗai ba. Kowace shekara ranar 11 ga Fabrairu yaranmu na fita fareti da kayan makaranta saboda ranar matasa. Nawa ne cikinsu aka gaya wa cewa a ranar ce a 1961 aka kaɗa ƙuri’ar raba gardama, kudancin Kamarun Ingila ya zaɓi haɗewa da mu, arewacinsa kuma, har da Mubi da Bama da Dikwa ta Rabe, ya zaɓi Najeriya? Nawa ne mutanen Mora suka san cewa a kan dutsensu sojojin Jamus na ƙarshe a Kamaru suka miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan fiye da shekara guda a kewaye? Mutanen Garwa sun san an haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, a garinsu ranar 24 ga Agusta 1924, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kuma can kabarinsa yake. Waɗannan duk suna da rana a rubuce, ba sai an yi wahalar nema ba. Shigar da su ne kawai ba a yi.

Aikin ba na gwamnati ba ne kaɗai, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Gidajen rediyon da ke watsa shiri da harsunanmu a Kuseri da Marwa da Garwa da Njamena su sa wa kansu ƙa’ida: duk jerin da za a karanta, a fara da abin da ya faru a ƙasashen Tafkin Chadi, a ba shi minti biyu ko uku na bayani, sannan a zo kan Kaka da Mikel. Masu koyar da tarihi a jami’ar Marwa da ta Njamena su zauna da ɗalibansu su fitar da kalandar yankin, wata goma sha biyu, kowace rana da abin da aka tabbatar, a buga ta da Hausa da Fulatanci da Larabci da Faransanci a rataye a aji da shago. Inda iyalai ke da tsofaffin takardun ajami a cikin adaka, a nemi izini a ɗauki hotonsu kafin gara ta gama da su. Wanda ya ga yaƙin Kuseri da idonsa babu shi a raye, amma akwai tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani, kuma duk sun haura saba’in. Wayar da muke tura jerin da ita tana naɗar murya.

Sai kuma abin da ke hannun kowane mai gida. Ranar suna, bayan liman ya yi addu’a an raba goro, a kawo takarda ya rubuta sunan jariri da ranar da aka haife shi, ta Hijira da ta Miladiyya, a ba uwa ta adana. Kafin jama’a su watse, limamin ko mai unguwa ya tambayi uban a gaban kowa ko ya je ofishin magajin gari ya yi wa yaron rajista, idan bai je ba a sa masa ranar da zai je, a haɗa shi da wanda ya san hanya.